Ɗaliba da mai mota: abin da fim ɗin "An Education" ke tuna wa iyaye a Aguié, Gazawa da Gidan Rumji

A Nijar ana komawa makaranta ne a watan Oktoba, daidai lokacin da ake ɗaure dammunan hatsi ana kaiwa rumbu. Kaka kuwa lokacin biki ce. Kuɗin wake da gujiya da aya sun shigo hannu, mai niyyar aure kuma yana so a ɗaura kafin ya tafi ci-rani. Shi ya sa malamin kwaleji a Tchadoua ko Gangara ko Chadakori ba ya mamaki in ya kira suna a watan Janairu ya ji shiru, ƴan aji su ce masa ai an kai wance ɗakinta. Sau da yawa angon ya girme ta da shekara goma, ko ashirin, ko fiye.

Akwai wani fim na Ingila da ya bi irin wannan labari tun daga ranar haɗuwa har ranar da asiri ya tonu. Sunansa An Education, da Faransanci kuma Une éducation. Birnin Landan na 1961 ya yi nisa da ƙauyukan jihar Maradi, amma fim ɗin ya nuna wurare biyu da ake yanke makomar ɗaliba, can da nan: gaban mahaifinta, da ofishin daraktan makarantarta.

Labarin Jenny da David

Fim ɗin ya fito a 2009. Lone Scherfig, ƴar ƙasar Denmark, ita ta ba da umarni, Nick Hornby kuma ya rubuta shi daga tarihin rayuwar wata ƴar jaridar Ingila, Lynn Barber, wadda abin ya faru da ita tana ƴar makaranta. Carey Mulligan, wadda ta fito a matsayin ɗalibar, ta ci kyautar BAFTA ta gwarzuwar ƴar wasa, fim ɗin kuma ya shiga takarar Oscar a fanni uku.

Jenny ƴar shekara 16 ce, tana zaune da iyayenta a unguwar Twickenham, kuma tana cikin masu ƙoƙari a ajinsu. Mahaifinta Jack ba shi da zance sai na jami'ar Oxford. Yana ƙirga duk abin da ya kashe a kanta, yana matsa mata a kan darasin Latin, har saurayin da ke zuwa wurinta a kan keke, ɗan makaranta kamarta, bai ga darajarsa ba.

Wata rana ruwa ya tsare ta a bakin hanya tana riƙe da babban gogen Turawa da take koyo. Sai ga David a mota mai tsada, mutum mai fara'a da iya magana, wanda ya kusa ninka ta a shekaru. Bai ce ta shigo ba. Cewa ya yi ta sa gogen a mota kada ruwa ya lalata shi, ita ta bi gefe a ƙasa. Kafin a kai gida ita ma ta shiga.

Daga nan sai furanni a ƙofar gida, sai wuraren kiɗa da cin abinci na manya, sai tufafi, sai tafiya Oxford, sai birnin Paris a lokacin da ta cika shekara 17. A tsakiyar wannan daɗi Jenny ta gano inda kuɗin ke fitowa: David da abokinsa Danny suna sace kaya masu daraja a gidajen da aka sa a kasuwa, suna kuma yi wa tsofaffin mata dabara su sayar da gidajensu da araha. Ta gani, ta ji haushi, amma ta zauna. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

David ya nemi aurenta, ta amsa, ta bar makaranta ana gab da jarrabawar ƙarshe. Wani dare a cikin motar ta buɗe aljihun gaba, ta tarar da wasiƙu masu ɗauke da sunansa da na matarsa. Ashe yana da mata da ɗa a wani gida da ba shi da nisa da nasu. Ta ce ya shiga ya faɗa wa iyayenta da bakinsa. Ya bar ta ta shiga gida, ya ja motarsa, ba a sake ganinsa ba.

Da uban aka fara zance

Mai kallo zai iya ɗauka wannan labarin yarinya ce da kwalliyar duniya ta ruɗa. Amma duk tafiyar da Jenny ta yi da David, da izinin iyayenta ta yi. David ya shiga gidan, ya zauna da su, ya sa su dariya, ya yaba wa uwar. Ya ce shi tsohon ɗalibin Oxford ne kuma ya san shahararren marubucin nan C. S. Lewis, zai kai Jenny ta gaishe shi. Ƙarya ce, da hannunsa ya rubuta sunan marubucin a cikin littafi. Jack, wanda ke faɗa a kan kuɗi, ya saki baki yana kallo.

Da maganar aure ta zo, uban da ya shekara yana wa'azin Oxford ya ce ai tunda ta samu mai riƙe ta, jami'ar ba dole ba ce. A nan ne Jenny ta gane cewa a wurin mahaifinta karatu da miji hanya biyu ce zuwa wuri guda, wato rufin asiri. Wadda ta fi kusa kuma ta fi araha, ita ya zaɓa.

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A gidan su Jenny manyan ba su hango komi ba, domin ba su duba ba. Bayan abin ya ɓaci ta tambaye su: ita yarinya ce, an yaudare ta, to su fa? Fim ɗin bai mai da Jack mugu ba. Mutum ne mai tsoron talauci da tsoron manyan mutane, wanda daga baya ya tsaya bakin ƙofar ɗakin ɗiyarsa yana ba ta haƙuri.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a jihar Maradi. Uban da ke da ɗiya a kwaleji yana auna shekara huɗu kafin BEPC, uku kafin BAC, sannan jami'a, ga kuma ƴaƴan maƙwabta da suka gama suna zaune ba aiki. A ɗaya gefen ga ɗan kasuwa ko ma'aikaci ko wanda ya dawo daga ci-rani da babur, yana gaisuwa da buhun shinkafa, ya ɗauke wa gida baki ɗaya. Wanda bai san zafin bazara da rumbu wayam ba zai ga kamar zaɓin mai sauƙi ne.

Hanyar da ke tsakanin ƙauye da kwaleji

Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin 15. Jihar Maradi ce kan gaba da kashi 89.

Ɗaya daga cikin dalilan yana kan hanya ne. Makarantar firamare ta kai ƙauyuka da yawa, amma kwaleji, wato CEG, ta fi samuwa a manyan garuruwa. Gundumar Aguié na da ƙananan hukumomi biyu, Aguié da Tchadoua. Gazawa, wadda aka cire daga Aguié aka mai da gunduma a 2011, na da Gazawa da Gangara. Gidan Rumji na da biyar: Gidan Rumji, Tibiri, Chadakori, Gidan Sori da Saé Saboua. Kowace na da ƙauyuka masu yawa a warwatse. Yarinyar da ta gama CM2 a ƙauyen da ba kwaleji, ko dai ta riƙa takawa safe da yamma, ko a nema mata masauki a gari wurin dangi ko wani sananne.

A masaukin nan ne abubuwa ke cakuɗewa. Wata ta dace da gidan kirki. Wata kuwa ita ce mai ɗebo ruwa da daka da talla, ta isa aji a gajiye, ba kuɗin karin kumallo, ba fitilar karatu. A wannan hali ne mai babur ke tsayawa ya rage mata hanya, gobe ya ba ta na ƙosai, jibi ya saya mata salula. Motar David da furanninsa ke nan da kayan gida.

Iyaye a ƙauye sun san da haka, kuma abin da suka fi tsoro shi ne ciki ba aure. Da zarar an fara ƙishin-ƙishin cewa ana ganin wance da wani, sai a ga gara a ɗaura tun ba a ji kunya ba. A yankin Gidan Rumji akwai ƙarin damuwa: tun 2019 dubban ƴan gudun hijira suka shigo daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga, kuma inda ake fargabar hanya, ɗiya mace ce ake fara hanawa fita.

Wannan ne dalilin da tsohon shugaban ƙasa Mohamed Bazoum ya bayar lokacin da ya sa gina makarantun kwana na ƴan mata cikin manyan alkawuransa, aka kuma buɗe ta Kellé a jihar Damagaram a 2021. Tunanin shi ne in gwamnati ta ɗauki kwana da ci da tsaro, uba ba shi da sauran hujjar cire ɗiyarsa. Amma makarantun kwana kaɗan ne in aka kwatanta da yawan ƴan matan, don haka har yanzu masu masauki a gari su ne riƙon yawancinsu.

Inda labarin ya bambanta

Ƙaryar da ta rusa auren Jenny ita ce David na da mata, domin dokar Ingila ba ta yarda da mace biyu ba. A ƙasar Hausa wannan ba abin ɓoyo ba ne, mai mata ɗaya ko biyu yana zuwa neman aure da rana tsaka. Alkawarin da ya fi kama da ƙaryar David a nan shi ne wanda ake yi a zaure: za ta ci gaba da karatu a ɗakinta. Wasu mazan suna cikawa, kuma akwai matan aure a lise da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da ke shaida haka. Amma sau da yawa alkawarin ba ya wuce wata uku. Girki ya zo, uwar miji ta yi magana, kishiya ta ce ita wa ya kai ta lakwal, ciki ya shiga, shi ke nan.

Bambanci na biyu ya fi nauyi. Jenny ta fita daga hannun David ba aure, ba ciki. Abin da ta rasa shekara guda ce da mutuncinta a idon makaranta. Yarinyar da aka kai ɗaki tana 14 ko 15 tana fuskantar haihuwa kafin ƙugunta ya gama girma. In naƙuda ta yi tsawo, asibiti kuma ya yi nisa, kan jariri yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har ya mutu ya huje. Yoyon fitsari ke nan, lalurar da aka buɗe wa cibiya ta musamman a Danja, kudu da birnin Maradi, a 2012.

Wannan ɓangaren wani fim ne na Najeriya ya nuna shi, Dry, na Stephanie Linus, wanda ya shiga gidajen kallo a 2015. A cikinsa an aurar da Halima ƴar shekara 13 ga Sani mai shekara 60, ta samu yoyon fitsari wurin haihuwa, miji da dangi suka guje ta. Tun kafin wannan, a 1990, marubuciyar Kano Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta fitar da littafin Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka ba wani dattijo, ta gudu, ta koma karatu. An Education ya bambanta da su a abu guda: ba wanda ya tilasta wa Jenny. Tana son David, ko dai tana son duniyar da ya nuna mata. Shi ya sa ya dace da abin da ake gani yanzu a garuruwa, inda yarinya da kanta ke cewa ta gaji da boko, ga wanda take so. Yardar ƴar shekara 15 da aka saya da salula ba ta sauke nauyin da ke kan manya ba.

Me doka ta ce?

Kundin dokar farar hula na Nijar ya sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji. Sai dai yawancin aure a bisa al'ada da addini ake ɗaura shi, ba a gaban magajin gari ba, dokar tsarin shari'a kuma ta bar al'amuran aure da saki ga al'adar mutane.

A 2012 gwamnati ta kai wa majalisar dokoki wani ƙudiri na kare ƴan mata ƴan makaranta, wanda ya tanadi ɗauri da tara ga wanda ya auri ɗaliba ba da izinin alƙali ba. Ƙungiyoyin addinin Musulunci suka yi adawa da shi, suna cewa ya ƙwace ikon iyaye a kan ƴaƴansu, aka mayar da shi ba a amince ba.

Bayan shekara biyar aka biyo ta wata hanya. Ranar 5 ga Disamba 2017 shugaba Mahamadou Issoufou ya sa hannu a dokar shugaban ƙasa mai lamba 2017-935 kan kariya da tallafi da rakiyar ɗiya mace a lokacin karatunta. A 2019 ministocin ilimi suka fitar da takardar umarni ta haɗin gwiwa wadda ta ba ɗalibar da ta yi aure ko ta samu ciki damar ci gaba da karatu. Wannan babban sauyi ne, domin tun shekarun 1970 akwai ƙa'idojin da ke ba da damar korar ɗaliba mai ciki. A shekarar 2019 ɗin kuma aka kafa kwamitocin kare yara tun daga matakin ƙasa har ƙauye.

A taƙaice, waɗannan dokoki ba su hana auren ɗaliba ba. Abin da suka hana shi ne a ce aure ko ciki ya rufe mata ƙofar aji. Iyaye da yawa ba su san haka ba, har yau ana ɗauka cewa daga ranar da aka shafa fatiha sunanta ya fita daga rajista.

Ƙofar komawa

A ƙarshen fim ɗin Jenny ta koma wurin shugabar makarantarsu, wadda Emma Thompson ta fito a matsayinta, ta roƙi a bar ta ta maimaita ajin ƙarshe. Shugabar ta ƙi. Sai ta tafi gidan malamarta Miss Stubbs, wadda a baya ta gargaɗe ta, ita kuwa ta mayar mata da baƙar magana. Malamar ba ta rama ba. Ta taimaka mata ta yi karatu a gida, ta zauna jarrabawa, Oxford ta ɗauke ta. Ita ma Lynn Barber ta gaskiya a Oxford ta yi karatu.

Masu sharhi sun soki wannan ƙarshe da cewa ya zo da sauƙi, an tattara wahalar shekara guda cikin ƴan mintoci. Wasu kuma sun yi ƙorafi a kan yadda aka nuna mayaudarin a matsayin Bayahude. Fim ne na manya, akwai wuraren da ba su dace a kalla da yara ba. Duk da haka abin da ya nuna a fili yake: mata biyu masu ilimi, a makaranta ɗaya, ɗaya ta rufe ƙofa, ɗaya ta buɗe, kuma a kan wannan ne rayuwar yarinyar ta juya.

A Nijar ƙofofin suna nan, ko da ƙanana ne. Ɗalibar da ta yi aure ko ta haihu tana da hurumin komawa ajinta, in darakta ya ƙi akwai ofishin sufeton ilimi. Wadda ta daɗe da bari tana iya zama jarrabawar BEPC ba ta hannun makaranta ba, abin da ake kira candidat libre. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi. Akwai shirin Illimin da asusun UNFPA ya soma da gwamnati a 2013 domin ƴan matan da ba sa makaranta, masu aure da marasa aure. A makarantun kansu akwai kwamitin gudanarwa da ƙungiyar iyayen yara da ta iyaye mata, AME, waɗanda aikinsu ne su bi sawun yarinyar da aka daina gani. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, da CARE ta soma a jihar Maradi a 1991, suna ba uwa inda za ta ranci kuɗin littafi da sabulu, don kada ɗiyarta ta karɓa a hannun wani.

Akwai kuma abin da Bahaushe ya riga ya mallaka, wanda iyayen Jenny ba su yi ba: bincike. Matar David tana zaune ƴan layuka kaɗan daga gidansu, tambaya ɗaya a unguwa da ta isa. A al'ada ba a ba da ɗiya sai an san asalin mutum da sana'arsa da halinsa. Ga ɗaliba, binciken na da ƙarin tambayoyi. Matan da ya aura a baya, suna ina? Wadda ya ce zai bari ta yi karatu, ta yi? Ƴaƴansa mata suna makaranta? In kuma ya yi alkawarin karatu, a faɗe shi gaban waliyyai da shaidu, a sanar da daraktan makaranta, kada ya tsaya a zancen zaure.

Nauyin bai tsaya kan iyayen ƙauye ba. Mutanen Aguié da Gazawa da Tibiri da Gidan Rumji da suka karɓi ƴar wani a gidansu, su ne ke ganin wanda ke sauke ta a bakin lungu, su ne ke ganin sabuwar salula a hannunta tun kafin labari ya kai ƙauye. Mai masaukin da ya rage mata talla, ya tambayi sakamakonta na zangon farko, ya kira mahaifinta tun abin yana ƙarami, ya yi aikin da Miss Stubbs ta yi, kuma ya yi shi tun kafin a shafa fatiha.